Yadda Muka Ɗaura wa Alhaji Mati Karkiya a Indiya

Tun da na dawo daga Indiya ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayin bakin tasha a Funtuwa sai a yi mini zobe. Malam Hamisu, da gaske ne suna rawa a kan duwatsu? Ka ga 'yan fim ido da ido? Wai shanu ne ke ba da hannu a titi? Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma kullum sai wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta da kansa, ni ma in samu in sha shayina da zafinsa.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Kakana na raka, Alhaji Mati na Dayi, mahaifin babana. Duk wanda ya taɓa sayen shanun huɗa tsakanin Malumfashi da Bakori ya san shi, don shi ake kai wa ɗanyen sa ya hore shi. Amalanke ce ta kife da shi a hanyar gona, ƙashin ƙugunsa ya karye. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ɗorin bai kama daidai ba. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba ya koma zaman tabarma, sai an ɗaga shi, sai an ajiye shi. Likita a Kano ya ce sai an canza ƙashin gaba ɗaya, 'ya'yansa suka haɗa kai suka ce a kai shi Indiya.

Sai maganar wanda zai raka shi. A cikin 'ya'yansa ba mai iya ɗaga ido ya dube shi, balle ya yi masa musu. Babana ne ɗan fari, ko sunansa Alhaji ba ya kamawa. Ni kuwa jika ne, abokin wasa, ga shi ina koyar da Turanci a sakandare. Kakata Hajiya Yalwa ce ta yanke magana. Ta ce, "A tura Hamisu. Shi kaɗai ne in tsohon ya kafe zai iya ce masa rigima kake ji."

Alhaji ya dube ni daga kan tabarma ya ce, "Wannan raggon? Ai sayar da ni zai yi a can, ya dawo ya aure mini mata."

Na ce, "Wa zai saye ka, tsoho? Ko kyauta na bayar sai an dawo mini da kai."

Haka muka fara, kuma haka muka tafi.

Kafin a ba mu biza sai da muka yi Abuja, ta Zariya da Kaduna, Alhaji kwance a bayan mota yana yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Cikin sharuɗɗan shiga ƙasar a lokacin akwai rigakafin shawara da na shan inna. Na shawara allura ce, ya miƙa hannu aka yi masa. Na shan inna kuwa ɗigo ne a baki, irin wanda ake bi gida-gida ana yi wa jarirai. Ma'aikaciyar ta ce ya buɗe baki. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Da furfurata?" Na ce ai ba shi da haƙora da yawa, ta ɗauka yaye ake shirin yi masa. Ya buɗe baki zai zage ni, ita kuwa ta ɗiga. Har muka koma Dayi bai yi mini magana ba.

Daga Kano muka tashi, muka sauka Adis Ababa muka canza jirgi. Alhaji ya yi Makka, saboda haka jirgi bai dame shi ba. Abin da ya dame shi keken asibiti ne da ake tura shi a ciki. Duk inda muka ratsa jama'a sai ya ja rawani ya rufe fuska. A nan na fara gane cewa kunyar ta fi ciwon cin ransa.

A filin jirgin Mumbai wani kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban keken ya ƙi tashi. Ma'aikacin kwastan ya nemi a duba. Ashe tsohon ya naɗe kilishi a cikin babbar rigarsa tun daga gida, ko ni bai gaya mini ba. Aka ce ba a shiga da nama. Alhaji ya ce in tambaye su ko an hana shiga da shi a ciki. Kafin in gama fassarawa ya fara ci, har ya yago ya miƙa wa ma'aikacin. Bawan Allah ya yi baya da sauri kamar an miƙa masa garwashi, don shi tun da aka haife shi nama bai taɓa shiga bakinsa ba. Daga nan suka buɗe ƙullin kuka da daddawa. Na yi bayani har na gaji, cewa ganyen bishiya ne da 'ya'yan ɗorawa. Na ce za mu iya wucewa da su? Sai mutumin ya kaɗa kai, dama da hagu. Na ɗauka ya ƙi ne, na shiga roƙo. Ya sake kaɗa kai. Na ƙara ƙaimi. Sai da wani ɗan Najeriya da ke bayanmu a layi ya taɓa ni ya ce, "Malam, tun ɗazu ya ce ka tafi. Haka suke cewa to."

Asibitin a wani gari yake mai suna Pune, sai an hau mota an ratsa duwatsu. Titin ya huda tsaunuka ya bi ta cikinsu, ka shiga duhu ka fito haske. Manyan motocinsu an yi musu zane da rubutu kamar namu, kuma direbobinsu sun fi namu son hon. Ni ina kallon gine-gine, Alhaji shanu yake kallo. Ga saniya kwance a tsakiyar titi tana tuƙa, motoci na kauce mata. Ya ce, "Ina makiyayin?" Direba ya ce babu. "Da dare wa ke kore su gida?" Ya ce nan suke kwana. Alhaji ya bi saniyar da kallo har muka wuce. Mu da muka fito daga inda mutum ke kwana da ido ɗaya a buɗe saboda ɓarayin shanu, abin ya tsaya mana a rai. Can ya nisa ya ce, "Allah ya ba mu irin wannan barcin."

Masaukin da asibiti ya haɗa mu da shi ɗaki ne a ƙasan gidan wani tsoho a gefen gari, Malam Joshi. Siriri ne kamar kara, ya girmi Alhaji, kuma an canza masa gwiwa a asibitin da za mu. Ya yi ritaya daga koyar da Sanskirit, tsohon harshen da littattafan addininsu suke ciki. Shi da matarsa kaɗai ne a gidan, 'ya'ya duk sun watse ƙasashe. Dokarsa biyu: a cire takalmi a bakin ƙofa, kuma kada nama ya shiga tukunyarsa. Ta farkon ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kafin mu tambaya ya nuna mana alƙibla, ya ce ya auna ta tun da ya fara saukar Musulmi. Akwai wani ɗan ɗaki da suke ibadarsu, ba mu leƙa ba, su ma ba su ce mu leƙa ba.

Abinci ya ba mu wuya da fari. Komai an zuba masa kayan ƙamshi har ka rasa me kake ci, miyar wake da safe, miyar wake da rana. Alhaji ya rame. Ran nan matar gidan ta kawo wata gurasa mai kauri, ya gutsura ya tauna, sai ya ɗaga kai. "Kai, dawa ce!" Ashe abincin manoman yankin ke nan, dawa da gero, kamar mu. Na sayo garin na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawarmu. Warin ya fito da maƙwabta suna tambayar ko wani abu ne ya mutu a kwata. Malam Joshi dai ya ɗanɗana, ya ce da ya san haka ne da ya kafa doka ta uku, amma ya ƙara loma.

Aikin tiyata ya yi kyau, alhamdu lillahi. Likita ya fito yana murmushi, ya ce ƙashi sabo ya zauna daram, saura tafiya. Ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya: dole tsohon ya fara takawa yanzu-yanzu. In ya kwanta makonnin nan, naman ƙafar zai saki, gaɓar ta sandare, mu koma da shi a keken da muka kawo shi, kuma ba zai sake fita daga cikinsa ba.

A nan aka samu matsala. An tura shi ɗakin gashin ƙashi, inda ake koya wa marasa lafiya tafiya, a bakin ƙofar akwai ɗan gunki da furanni da turare yana hayaƙi. Alhaji ya gani ya haɗe rai. Wata budurwar ma'aikaciya ta taimaka aka miƙar da shi, ƙafar ta yi rawa, ya sulale, mata biyu suka tare shi. Don ta kwantar masa da hankali ta ce ba komai, gobe za a fara da ɗan yoga na numfashi, wato irin motsa jikin nan nasu. Wannan kalmar bai jira fassara ba, ya taɓa jin wani mai wa'azi a rediyo yana gargaɗi a kanta. Ya ce, "Mai da ni ɗaki. Ban zo ƙasar mutane in sayar da sallata saboda ƙafa ba."

Na kai kuka wurin likita. Aka ce an soke maganar yoga, namiji ne zai riƙa zuwa har masauki, ba gunki ba turare, taku ne kawai da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Alhaji ya ce atafau, duk dabara ce, da taku ake farawa. Na yi wasa, na yi zolaya, na ce Hajiya ta gaji da jira ta ce in dawo a ɗaura mana aure. Ko murmushi bai yi ba. Na kira Baba a waya, shi kuwa me zai ce? Ya gaishe shi, ya yi masa sannu, ya kashe. Amma na lura da wani abu. Duk lokacin da aka matso da ƙarfen nan, sai Alhaji ya kau da kai ya ƙanƙame gefen gado. Tsoron addininsa gaskiya ne, ban raina shi ba, sai dai a bayansa akwai tsoron sake faɗuwa a gaban mutane. Kwanaki suna tafiya, ƙafar tana ƙara siririya. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Wata rana bayan la'asar na turo Alhaji baranda ya sha iska. Malam Joshi na zaune da jaridarsa. Sai ga amalanke ta zo wucewa da lodin rake, fararen shanu biyu masu dogayen ƙaho suna ja. Alhaji ya miƙe wuya, ya manta yana fushi. "Dubi wannan sakarai! Na hagun ya fi ƙarfi, ya ɗaure igiya a tsakiyar karkiya. Ai kashe na daman zai yi. A matso da ɗaurin wajen mai ƙarfin mana!"

Malam Joshi ya ce me yake cewa? Na fassara. Ya ninke jarida, ya nuna itacen da ke wuyan shanun, ya tambayi sunansa da Hausa. Na ce karkiya. Ya maimaita, ya juya ta a baki, ya ce a'a, wannan ba 'yar danginsu ba ce. Sannan ya ce in gaya wa Alhaji, kalmar nan yoga da ta hana shi tashi, daga wuyan shanun can ta fito.

Na zama tafinta, tsofaffi biyu suna ja na kowa ta gefensa. Malam Joshi ya ce a harshen Sanskirit akwai saiwar kalma, yuj, ma'anarta a ɗaura dabba a karkiya. Ita karkiyar sunanta yuga. A tsofaffin waƙoƙinsu na ibada, in an ce yoga ana nufin ɗaura dawaki a keken yaƙi ko shanu a amalanke, a shirya tafiya. Daga baya ne masu ibadarsu suka ce ai ido da kunne da zuciya su ma dabbobi ne masu gardama, kowanne yana ja nasa wuri, sai an haɗa su a karkiya ɗaya. Daga nan kalmar ta shiga ɗakin ibada ta zauna.

Bai tsaya nan ba, malami ya samu ɗalibai. Ya ce Farisawa suna ce wa karkiya yug. Rumawan da suna cewa yugum, Girkawa zugon, Jamusawa yok mai kaurin maƙogwaro, Turawan Ingila ma yok. Ni da nake koyar da Turanci sai na ji kunya ban taɓa haɗa su ba. Ya ce ba aro suka yi wa juna ba, gado ne. Masana sun bi sawun kalmomin baya, kamar yadda ake bin sawun garke, har suka kai ga wasu makiyaya da suka rayu dubban shekaru da suka wuce, a wani fili mai ciyawa da ake kyautata zaton yana arewa da Baƙin Teku. Ba su bar rubutu ba. Jikokinsu sun watsu da shanu da amalanke, wasu suka yi yamma har Ingila, wasu suka gangaro Farisa da Indiya, harshe ya rarrabu har ba sa jin juna, amma sunan karkiya ya bi kowa. Ya ƙara da cewa wasu masanan suna ganin har zauji na Larabci, wato abokin zama, daga ta Girkawan ta samo asali.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Wannan ta ƙarshen ka ce masa ya bar wa malamanmu." Ya ɗan yi tunani. "Wato Bature ma da shanu kakansa ya fara? To da me yake yi mana taƙama?" Sannan ya dubi Malam Joshi sosai ya ce, "Tambaye shi tsakaninsa da Allah. Yau, in an ce yoga, addini ne ko ba addini ba?"

Na so in murɗe tambayar, don na ga kamar ƙofa ta buɗe. Amma na fassara yadda take. Malam Joshi ya ce, "A wurina addini ne. Kakan kalma ba ya wanke jikanta. In zuciyarka ba ta yarda ba, kada ka yi." Na ji kamar in yi kuka. Alhaji kuwa ya gyaɗa kai ya ce wannan mutumin kirki ne, ba ya ƙarya don a so shi.

Hira ta koma kan shanu. Malam Joshi ya ce shi a littafi ya san karkiya, bai taɓa ɗaura ta ba. Ya tambaya, in sa ya kwanta ya ƙi tashi, yaya ake yi? Nan fa Alhaji ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta da. Ya ce jahilai duka suke yi, wasu su murɗa wutsiya, wasu har barkono suke zubawa. Shi bai taɓa ba. Sa in ya kwanta, ba taurin kai ne da shi ba, ya taɓa faɗuwa ne ya tsorata. Sai ka fara korar 'yan kallo, don sa ma yana jin ido. Ka kawo tsohon sa wanda ya horu, mai tafiya a hankali, ka haɗa su. Kada ka sa garma, gungume mara nauyi ya isa. Mai riƙe igiya ya tsaya a baya ya kama bakinsa. In tsohon ya taka, na kwancen zai ji nauyin ɗan'uwansa a wuyansa, ba zai iya barinsa ya ja shi kaɗai ba.

Ina fassarawa na gane maganin kansa yake faɗa mana. Na dubi Malam Joshi, ya dube ni ta saman tabarau, ya kaɗa kai dama da hagu. A wannan karon na san abin da ake nufi.

Washegari da hantsi muka shirya da mai gashin ƙashin, ya nuna mini yadda zan riƙe ɗamara a ƙugun Alhaji, ya fita ya tsaya bayan ƙofa. Matar gidan ta tafi kasuwa ba don tana bukatar komai ba. Malam Joshi ya shigo yana ɗingishi fiye da yadda na saba gani. Ya ce in gaya wa Alhaji gwiwarsa ta tashi, likita ya ce lallai ya taka zuwa bakin ƙofar gida, sanda tana zame masa, matarsa ba ta nan, ni kuma na yi masa tsawo. Yana roƙon baƙonsa ya ara masa kafaɗa.

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa. Mutum ne da ya shekara ana zuwa ƙofarsa neman taimako, tun da ya karye kuwa ba wanda ya roƙe shi ko da allura, sai sannu. Ga mai masauki, ga shi ya girme shi. Ya ce, "Miƙo mini ƙarfen nan. Ba don ni ba, kada a ce Bakatsine ya ci dawar mutum ya hana shi kafaɗa."

Ya kama ƙarfen, na ɗago shi. Malam Joshi ya ɗora tafinsa a kafaɗarsa, ya jefa ƙafa ɗaya gaba, ya tsaya. Ni ina baya da ɗamara. Maganganu sun cika mini baki, na zolaya da na ƙarfafa gwiwa, na cije leɓe na haɗiye su. A rayuwata ban taɓa aiki mai wuyar wannan shirun ba. Ina ganin zufa tana bin ƙeyar tsohon. Sai ƙarfen ya matsa, ƙafar da aka yi wa aiki ta bi shi. Ta ɗauka. Ya sake matsawa. Da suka kai tsakar gida Malam Joshi ya ɗan karkace, sai na ji Alhaji ya daka masa tsawar da yake yi wa shanu a gona: "Layi!" Tsohon malamin Sanskirit ya gyara ya koma layi. A bakin ƙofa Alhaji ya ce, "Kwana!" suka juyo. Hawaye suka hana ni ganin hanya, ni da aka ba amanar riƙo.

Daga ranar kullum sai sun fita. Ƙofar gida ta zama gindin mangwaron kan kwana, mangwaro ya zama shagon mai madara. Aka ajiye ƙarfe aka ɗauki sanda. Ba mai jin yaren wani, amma in na yi nisa sai in hango su suna hira, kowa da nasa, suna dariya. Yaran unguwa suka koyi cewa layi. Wata Juma'a Malam Joshi ya raka shi har ƙofar masallacin unguwar Musulmi, ya zauna a inuwa yana jira. Alhaji ya shiga sahu a tsaye, ya yi kabbara a tsaye, sujada kaɗai ya yi a kan kujera yadda likita ya ce. Da aka sallame bai tashi da wuri ba, na bar shi. Ranar da Malam Joshi zai je nasa wurin ibadar, Alhaji ya raka shi har bakin layin, ya juya baya ya tsaya yana jan carbi har ya fito. Yoga dai har muka baro ƙasar bai yi ba, ba kuma wanda ya sake yi masa maganarta.

Ranar sallama likita ya sa Alhaji ya yi tafiya a gabansa, ya tafa masa. Malam Joshi ya rako mu mota yana takawa garau, ɗingishin nan babu shi. Suka riƙe hannun juna suka daɗe. Alhaji ya cire hularsa ta zanna ya ɗora masa a ka, ta faɗo masa har kunne. A jirgi na kasa haƙuri na ce, "Tsoho, ka san dai wane ne na kwancen a cikinku?"

Ya ce, "Kai raggo, ni za ka koya wa sana'ata? Tun yana shigowa na ga da ƙafar da ba a yi wa aiki ba yake ɗingishi."

"To me ya sa ka tashi?"

"Mutum ya zubar da girmansa ya yi ƙarya saboda kai, sai ka bar shi a tsaye?"

Mun sauka Kano damina ta faɗi. Ban gaya wa mutanen gida iyakar abin da ya faru ba, Alhaji ne ya hana, ya ce in ce da sauƙi kawai. Muka biyo ta Gwarzo, keken asibiti a naɗe a bayan mota. Muna dab da Dayi ya hango gonarsa, ƙannena suna huɗa. Ya ce direba ya tsaya. Na ce jama'a suna can ƙofar gida suna jira, ya ce su jira. Ya buɗe ƙofa da kansa, ya dogara sanda, ya sauka ya shiga gona, yana tsallake kunya ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye ina roƙonsa ya bi a hankali. Yaran suka saki garma suka tsaya baki buɗe. Bai amsa gaisuwarsu ba. Ya dafa wuyan sa ya ce, "Wane ne ya ɗaura wannan karkiyar?"

Wani ya ruga gari da labari. Kafin a jima hanya ta cika da babura da masu gudu a ƙasa, mata suna guɗa tun daga nesa. Babana ne ya fara isowa. Ya sauka daga babur, ya hango mahaifinsa tsaye a tsakiyar gona yana kwance igiya da hannunsa. Ya yi taku biyu, ƙafafunsa suka ƙi. Dattijo mai furfura, mai jikoki, ya zauna daɓas a kan kunya ya rufe fuska da hula yana kuka kamar yaro.

Alhaji ya waiwaya ya dube shi. Ya yi sauri ya mai da ido kan igiyar.

"Hamisu," ya ce, "je ka ɗaga ubanka. In ba zai iya tafiya ba, akwai keke a mota."